Yadda muka tsara binciken albashi da tsadar rayuwa a Kano, daga ofis zuwa kasuwa

Dokar da Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu ranar 29 ga Yuli, 2024 ta kai mafi ƙarancin albashi naira 70,000, ta kuma rage wa'adin sake duba shi daga shekara 5 zuwa shekara 3. Ke nan a 2027 za a sake zama. Kafin wannan zama za a nemi malaman jami'a, ɗalibai masu digiri na biyu da jami'an ƙungiyoyin ƙwadago su shirya alƙaluman da za a shiga da su, kamar yadda aka neme ni a 2024. Ni malamin tattalin arziki ne, na koyar da darasin albashi da ƙwadago shekara da shekaru, amma sai da na shiga aikin na gane cewa tsara irin wannan bincike yana da hanyoyi da layuka da takardun da babu su a littafin aji. Zan faɗe su bi da bi, yadda suka zo mini, domin na baya ya rage wahala.

Shugabannin reshen wata ƙungiyar ma'aikata ne suka aiko a kira ni, kwanaki kaɗan bayan sa hannun. Zaman farko bai yiwu a ranar da aka sa ba, domin zanga-zangar tsadar rayuwa ta ɓarke ranar 1 ga Agusta, aka sa dokar hana fita a Kano, kowa ya zauna a gida. Da gari ya lafa muka haɗu a ofishinsu. Abin da ke damunsu a fili yake. Sun ga yadda aka yi ciniki a Abuja: kwamitin mutum 37 da aka ƙaddamar a ƙarshen Janairu ƙarƙashin Bukar Goni Aji, manyan ƙungiyoyin ƙwadago na ƙasa, NLC da TUC, sun fara da naira 615,000, gwamnati ta fara da 48,000, aka yi yajin aiki ranar 3 ga Yuni, 'yan ƙwadago suka sauko 250,000, gwamnati ta hau 62,000, daga ƙarshe aka tsaya a 70,000. Yanzu magana ta dawo jihohi da kamfanoni. Shugabansu ya ce mini, "Malam, mun gaji da shiga ɗaki da baki kawai. Muna so idan muka faɗi kuɗi, a tambaye mu daga ina, mu miƙa takarda." Na ce, "Kwamared, takardar za ta samu, amma ku fara gaya mini albashin wa za mu auna." Sai aka yi shiru, sannan kowa ya kama faɗin nasa: wani ma'aikatan jiha, wani malaman firamare, wani masu shara da masu gadi a asibiti, wani leburorin masana'anta.

A nan muka ɗauko dokar 2019 muka karanta ta tare, domin ita aka yi wa gyara a 2024. Dokar ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba. Ba ta shafi mai aikin rabin lokaci ba, ko wanda ake biya kamasho, ko wanda ake biya gwargwadon abin da ya yi, ko mai aikin da ke zuwa da lokacinsa kamar noma. Duk wanda ya san Kano ya san abin da wannan ke nufi: yaron shago a Kwari, ɗan dako a Singa, mai tuƙa A Daidaita Sahu yana kai balas, yarinyar da ke aikatau, duk suna wajen dokar. Na fita daga wannan zama da nauyi a zuciyata, don na ga mutanen da suka fi kowa buƙatar kariya su ne dokar ta tsallake. Amma zaman ya ba mu abin da muka fi buƙata. Muka amince binciken ya amsa tambaya uku: nawa iyalin ƙaramin ma'aikaci ke buƙata a wata, nawa ake biyansa a zahiri, sannan nawa mai biyan zai iya ɗauka ba tare da ya sallami mutane ba. Ba ni na ƙirƙiro su ba. Yarjejeniya ta 131 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda aka yi a 1970, ita ta ce a duba buƙatun ma'aikaci da iyalinsa a hannu guda, a duba halin tattalin arziki a ɗaya hannun. Wasu daga cikin 'yan ƙungiyar ba su so tambaya ta uku ba, suna ganin aikin ɗaya ɓangaren ne. Na dage a kanta, domin takardar da ba ta taɓa ƙarfin mai biya ba, da kallo ɗaya za a ture ta gefe.

Daga nan sai rubuta takardar manufa da kasafi. Wannan bai ɗauke ni lokaci ba, jiran kuɗin ne ya ɗauka. Ƙungiyar ta sa abin da za ta iya, wata ƙungiya mai zaman kanta ta yi alkawarin cike sauran, amma sai kwamitinta ya zauna. Kaso mafi tsoka a kasafin ya tafi ne ga kuɗin mota da alawus na masu tattara bayanai, sai horo, sai data da cajin waya, sai buga takardu. Na yi lissafin kuɗin mota da farashin watan Agusta. Kafin kuɗin su shigo hannu fetur ya sake tashi a Satumba, a Oktoba lita ta haura naira 1,000, man da kafin cire tallafi a watan Mayun 2023 bai kai naira 200 ba. Dole muka rage yawan ƙananan hukumomin da za mu je a wajen birni.

Lokacin jiran ban zauna ba, na shiga tono abin da ke akwai. Ina roƙon duk mai irin wannan aiki ya fara da shafin Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa kafin ya kashe ko sisi, domin akwai abubuwa da yawa a can kyauta. Rahoton hauhawar farashi na wata-wata ya nuna kashi 34.19 cikin 100 a Yunin 2024, na abinci kuma 40.87. Akwai wani rahoto da ya fi amfanar da ni, na kuɗin da baligi ɗaya ke buƙata don cin abinci mai gina jiki a rana. A watan Yuni naira 1,241 ne a matsakaicin ƙasa, kodayake Arewa maso Yamma ta fi sauran shiyyoyi sauƙi. Na ninka shi sau 30 ya ba ni naira 37,230. Miji da mata kaɗai 74,460 ke nan, sun riga sun wuce 70,000, ba a zo maganar yara ba, balle haya da kuɗin makaranta. Na daɗe ina kallon wannan lissafi a takarda.

Rahoton ƙwadago na hukumar kuwa sai an karanta shi da natsuwa. A ƙarshen 2020 an ce rashin aikin yi ya kai kashi 33.3. Da aka sauya hanyar aunawa a 2023, sai ya koma 4.1 a zangon farko na shekarar. Ba ayyuka ne suka yi yawa ba. Sabuwar hanyar tana ƙirga duk wanda ya yi aikin samun kuɗi ko na awa ɗaya a cikin kwana bakwai a matsayin mai aiki. Wanda bai san wannan ba zai shiga zama a ce masa babu rashin aiki a ƙasa, ya rasa amsa. Abin da ya fi muhimmanci a rahoton shi ne sama da kashi 90 na masu aiki suna cikin sana'o'in da ba su da rajista ko takardar ɗaukar aiki, mafi yawansu kuma kansu suke yi wa aiki. Masu albashin wata 'yan tsiraru ne, saboda haka idan ka raba alƙaluman ƙasa zuwa jiha, ka sake rabawa zuwa masu albashi, abin da zai rage bai isa a gina hujja a kai ba. Wannan giɓin shi ne dalilin da ya sa dole mu fita da ƙafarmu.

Kafin fita sai izini. Na kai takardu kwamitin ɗa'ar bincike: fom ɗinsu, cikakken tsarin binciken, takardar tambayoyi da Turanci da Hausa, takardar neman amincewar wanda za a tambaya, da rasit na kuɗin da aka biya a banki. Kwamitin ba kullum yake zama ba, saboda haka idan takardarka ta shiga bayan zama, sai ka jira na gaba. Mun jira makonni, kuma da takardar ta fito, da gyara ta dawo. Gyaran ya yi ma'ana ƙwarai. Sun tambaya: idan lebura ya faɗa muku ana biyansa ƙasa da doka, maigidansa ya ji, aka kore shi, wa ya jawo masa? Saboda wannan tambaya muka sauya tsari gaba ɗaya. Muka daina shirin tambayar ma'aikata a bakin masana'anta, muka koma samunsu a gidajensu. Muka cire sunan wurin aiki daga takardar, aka bar nau'in aikin da yawan ma'aikata kawai. Lambar waya kuma aka ware ta a wani kundi daban da ni kaɗai ke buɗewa, daidai da Dokar Kare Bayanai ta 2023.

A lokaci guda na bi sawun bayanan albashin gwamnati. A nan na koyi yadda takarda ke tafiya. Wasiƙa dole ta tafi da sunan muƙamin shugaban wurin, ko da ka san jami'in da bayanan ke kan teburinsa. Ka je da kwafi biyu, a buga maka hatimin karɓa da kwanan wata a kan naka. Ka nemi lambar fayil, domin in ba ita, duk ranar da ka dawo daga farko za ka fara bayani. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba hukuma kwana 7 ta amsa, na kuma ambace ta a wasiƙar cikin ladabi, amma abin da ya buɗe ƙofar shi ne taƙaita buƙata. Wani dattijo a ɗaya daga cikin ofisoshin ya ja ni gefe ya ce, "Malam, in ka ce a ba ka jadawalin albashi, babu mai sa hannu, don akwai sunayen mutane da asusunsu a ciki. Ka nemi yawan ma'aikata a kowane mataki da jimillar abin da ake biya." Na ce, "Na gode, Baba, Allah ya saka da alheri." Na sake wasiƙa yadda ya ce, aka ba ni abin da ya ishe ni aiki. Sauran na haɗa daga kasafin kuɗin jiha da aka wallafa, da rahoton rabon kuɗin tarayya na wata-wata, da kuɗin shigar da jiha ke tarawa da kanta. Rabon da jihohi ke samu ya ƙaru sosai bayan cire tallafin mai, kuma wannan hujja ce mai ƙarfi a hannun ma'aikata. Akwai kuma hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yuli, 2024 kan cin gashin kan ƙananan hukumomi ta fuskar kuɗi, wanda ya sa dole a ware lissafin ma'aikatan ƙananan hukumomi da malaman firamare daban.

Zaɓen gidajen da za a shiga shi ne sashen da ya fi cin tunanina. Rabon ƙasar nan da ƙidayar jama'a tun 2006, kuma Kanon yau ba ita ce ta wancan lokaci ba. Wuraren da suke gonaki a Kumbotso da Ungogo yanzu unguwanni ne cike da jama'a, kuma can ne ƙananan ma'aikata suka koma saboda tsadar haya a cikin gari. Wanda ya dogara da tsohon jeri zai tsallake ainihin mutanen da yake nema. Muka rubuta mazaɓun ƙananan hukumomin cikin birni da wasu na karkara daga cikin 44 ɗin jihar, muka zaɓa ta hanyar ƙuri'a, sannan a kowace unguwar da ta fito aka bi layi-layi ana ƙirga gidaje, ana tambaya ko akwai mai karɓar albashi ko lada a ciki. Daga wannan sabon jeri aka sake yin ƙuri'a. Aiki ne mai gajiya, yana kuma cin kuɗi, wasu ma sun ce a bar shi, a tara 'yan ƙungiya a zaure ɗaya a raba musu takarda. Na ƙi. 'Yan ƙungiya su ne ma'aikatan da suka fi samun kariya. In su kaɗai aka tambaya, ɗaya ɓangaren zai ce ƙungiya ce ta tambayi kanta.

Babu unguwar da muka shiga ba tare da mun bi ta hannun masu ita ba. Daga hakimi zuwa dagaci zuwa mai unguwa, da wasiƙar gabatarwa da kwafin izini. Galibi sun karɓe mu hannu biyu. Wani mai unguwa ya tambaye ni ko rabon tallafi ne za a yi. Na ce, "Ranka ya daɗe, babu ko kwabo a ciki, tambayoyi ne kawai, amma muna fatan amsar ta taimaka wajen gyara albashi." Ya ce to in faɗi haka da bakina a gaban jama'a bayan sallar La'asar, na kuwa faɗa. Wannan ya zama ƙa'idarmu a ko'ina. A lokacin ana ta rubuta sunaye don rabon kayan abinci da kuɗi, kuma duk wanda ya zaci kai mai rabo ne zai rage abin da yake samu, ya ƙara yawan 'ya'yansa.

Masu tattara bayanan mun ɗauko su ne daga cikin waɗanda suka gama karatu suna jiran aiki, rabi maza rabi mata, domin gidaje da yawa namiji ba ya shiga, kuma lissafin cefane a hannun uwargida yake. Muka sa tambayoyin a manhajar KoboToolbox, wadda ke aiki a waya ko babu intanet, ta tura bayanan idan an samu sabis. Ana cikin horo sai wutar Arewa ta ɗauke a ƙarshen Oktoba, aka yi sama da mako ana cikin duhu, muka koma biyan masu janareto kuɗin caji.

Gwajin da muka yi a unguwa biyu kafin babban aiki ya sauya takardar tambayoyin fiye da duk zaman da muka yi a ofis. Idan ka tambayi mutum albashinsa, wani zai faɗi abin da ke rubuce a takardar ɗaukarsa, wani abin da ya shigo asusunsa bayan an cire haraji da fansho da bashin ƙungiya, saboda haka muka raba tambayar gida biyu. Wasu ana ba su abincin rana ko wurin kwana a bakin aiki, dole a rubuta shi daban. Muka ƙara tambayar awa nawa ake yi a rana da kwana nawa a mako, domin mai gadin da ke kwana a bakin ƙofa kullum da ma'aikacin da ke tashi ƙarfe huɗu ba ɗaya suke ba ko da kuɗinsu ɗaya ne. Muka ƙara tambayar ko albashin na zuwa a kan lokaci. Matan da aka tambaya ko suna aiki sukan ce a'a, alhali ga kaskon awara a tsakar gida, ga keken ɗinki a ɗaki, sai muka koma tambayar abin da suka yi a kwana bakwai da suka wuce wanda ya kawo kuɗi. Yawan iyali ma haka: maimakon 'ya'ya nawa, sai mutum nawa ke ci daga tukunyar gidan, sannan wa ake aika wa a ƙauye. Abinci muna tambayar na mako, haya na shekara, kuɗin makaranta na zango, ruwan 'yan garuwa da kuɗin A Daidaita Sahu na rana. Wata tambaya da wata daga cikin 'yan matan ta kawo ta fi duk nawa amfani: ran nawa ga wata albashin ke ƙarewa, kuma daga nan da me ake ci? A nan ne maganar bashin mai shago da adashi da sayar da akuya ta fito. Na bi wasu masu tattara bayananmu shiga wani gida, na ji magidanci yana lissafa abin da suka daina saya ɗaya bayan ɗaya cikin sanyin murya, na fito jikina a mace.

Farashin kaya kuma da kanmu muka bi. Dawanau tana ba ka farashin buhu, amma ƙaramin ma'aikaci ba buhu yake saya ba. Kwano yake saya, wani lokaci gwangwani, man girki kuma ƙulli-ƙulli a shagon unguwa, inda ya fi tsada. Muka riƙa ɗaukar farashi a manyan kasuwanni irin su 'Yankaba da Rimi da kuma shagunan cikin lungu. Kwanon wannan kasuwa ba lallai ya yi daidai da na waccan ba, saboda haka muka sayi ƙaramin sikeli, duk abin da aka auna mu mayar da shi kilo. Sannan lokacin kaka muka fita, sabon hatsi ya shigo. Da mun tsaya a nan, da mun nuna rayuwa ta fi yadda take sauƙi. Muka tsara komawa kasuwannin nan kowane wata har a ratsa azumi da tsakiyar damina, lokacin da rumbu ke yin ƙasa.

Ɓangaren masu ɗaukar aiki ya fi kowane wuya. Mun nufi masana'antun Sharaɗa, Bompai da Chalawa, da makarantun kuɗi, gidajen mai, gidajen burodi da kamfanonin masu gadi. Da yawa sun ɗauka 'yan haraji ne suka sauya riga, wasu suka ce manaja ba ya nan, wasu suka karɓi takarda ba su dawo da ita ba. Abin da ya taimaka shi ne bi ta hannun ƙungiyoyinsu, da rubutaccen alkawarin cewa babu sunan kamfanin da zai fito, da tambayar kaso maimakon ainihin kuɗi: cikin kowace naira 100 da kuke kashewa, nawa ke tafiya ga albashi, nawa ga wuta da dizal? Waɗanda suka zauna da mu sun faɗi abubuwan da ba zan iya musantawa ba. A Afrilun 2024 an ɗaga kuɗin wutar rukunin farko, wato waɗanda suka fi samun wuta a rana, zuwa naira 225 kan kowane ma'auni, ninki uku da ɗoriya. Babban Banki ya kai kuɗin ruwa kashi 27.5 a Nuwamba. Wata Hajiya mai makaranta ta ce mini, "Malam, na san abin da nake biyan malamaina bai isa ba. In na ƙara, sai na ƙara kuɗin makaranta, iyayen kuma su ma ma'aikatan nan ne da kake magana a kai." Na yarda da gaskiyarta. Na kuma ga wuraren da ma'aikata suka cika fili, amma a takarda kaɗan ne na kamfanin, sauran ta hannun ɗan kwangila aka ɗauko su. Duk binciken da bai tambayi wa ke biyan mutum ba, kamfani ko ɗan kwangila, ba zai ga wannan ba.

Muna tsakiyar binciken labari ya zo a ƙarshen Oktoba cewa gwamnatin Kano ta amince da naira 71,000. Kaduna ta sa 72,000, Legas 85,000. Binciken da aka fara domin a shiga zama da shi, zaman ya riga shi. Abin ya yi mini ciwo, ya kuma yi wa 'yan ƙungiyar ciwo, duk da cewa na riga na ba su 'yar gajeriyar takarda daga alƙaluman hukuma da suka yi amfani da ita. Muka sake zama muka juya akalar aikin zuwa abu uku: bin diddigin wa ke biyan sabon albashin da wanda ba ya biya, lissafin ƙarin da ya kamata ya hau sauran matakai, da ajiye ma'aunin da za a kwatanta da shi a 2027. Maganar sauran matakai ba ƙarama ba ce. A 2019 an sa hannu kan naira 30,000 a watan Afrilu, amma sai Oktoba aka daidaita kan ƙarin na sama. A farkon 2025 kuma Hukumar Ƙididdiga ta sabunta kwandon da take auna farashi da shi, hauhawar ta koma 24.48 a Janairu daga 34.80 a Disamba. Kaya ba su sauko ba, ma'aunin ne ya sauya, dole muka rubuta wannan a rahoton da babban baƙi.

Wanda zai yi wannan aiki, ya fara tambayar ranar da kwamiti zai zauna, ya ƙirgo baya. Izini, wasiƙu, jiran kuɗi da ƙirgar gidaje sun ci lokaci fiye da tambayoyin kansu, kuma duk ana iya tura su tare, ba sai ɗaya ya ƙare ba. Ya tanadi gajeriyar takarda daga alƙaluman da ke akwai tun a watan farko, domin ba a san ranar da za a kira zama ba. Ya sa rarar kuɗi mai kauri a kasafi saboda mai. Ya kira wakilin masu kamfanoni da na gwamnati su ga takardar tambayoyin kafin a fita. Wanda ya sa hannu a kan tsarin binciken, da wuya ya ƙi sakamakon.

Wajen rubuta rahoto, kada ya dogara da matsakaicin albashi na tarawa a raba. Idan mutum tara suna karɓar naira 40,000, na goma yana karɓar miliyan ɗaya, lissafin zai ce kowa na samun 136,000. A jera albashin daga ƙarami zuwa babba a ɗauki na tsakiya, sannan a nuna inda mafi ƙarancin albashin da ake nema ya faɗo idan an gwada shi da wannan na tsakiyar. Kada kuma ya kai lamba ɗaya tak. Ya kai abin da iyali ke buƙata, da abin da ake biya yanzu, da abin da kowace lamba za ta ci a kasafin jiha da na ƙaramar masana'anta, ya bar masu ciniki su yi cinikinsu a tsakani. Ya nuna darajar kuɗin, ba yawansu kawai ba: daga naira 125 a 1981 zuwa 18,000 a 2011, 30,000 a 2019 da 70,000 a 2024 lamba tana ta hawa, amma 30,000 ɗin 2019 ta kai kusan dala 80, ita kuwa 70,000 ranar da aka sa mata hannu ba ta kai dala 50 ba.

Su kuma waɗanda dokar ta bari a waje, ina roƙon kada a cire su daga binciken don kawai ba a kansu za a yi ciniki ba. Mu mun bar su a ciki, a babi na daban, da nasu lissafin. Ƙa'idar ma'aikata 25 ɗin nan majalisa ce ta rubuta ta, majalisa kuma na iya sauya ta, amma sai an sami wanda ya ajiye mata a gaba yawan mutanen da ke aiki a ƙananan wurare, da awannin da suke yi, da abin da ake ba su a ƙarshen wata.